Takardun Gonar Baba

Ofishin lauyan da nake wa aikin akawu yana da ƙa'ida: fayil ɗin da ya shekara goma a rufe, wuta ce makomarsa. Ni ake bar wa ƙonawar, a wani tsohon duro a bayan ofis, in kowa ya tashi.

Gab da magariba ina jefa su ɗaya bayan ɗaya, sai na ji sallama, murya kamar daga cikin rijiya. Wani dattijo ne, hularsa a hannu.

"Malam akawu, takardun gonata na zo karɓa."

"Baba, lauya ba ya nan. Ka dawo gobe." Bakina ya saba, ko tunani ban yi ba.

Ya ce, "Haka ka ce wancan karon. Na asalin na ba ku. Da babu su, 'ya'yana suna kallo aka zagaye gonar da waya."

Hayaƙi ya turnuƙe mu, ina tari ina hawaye. Shi ko ƙifta ido bai yi ba.

Ya nuna fayil ɗin da ke hannuna. A bangonsa ga rubutuna da jan biro: "Ya rasu. A rufe."