Kunnen Hagu na Auta

Marin ya sauka a kuncin Auta har sai da falon ya juya mata. A ƙa'idar aikin fim, hannu ta gefen fuska yake wucewa, a saka ƙarar daga baya, amma Tauraruwar shirin ta ce ita ba ta iya marin wasa ba. Kuma da ta yi marin sai ta ɓata maganar da ke biye, Darakta ya ce a sake ɗauka... Auta, marainiyar da ke fitowa a matsayin 'yar aiki, ta goge fuska ta koma ta durƙusa. Shekaru ta yi tana shan rana cikin 'yan cika taro kafin ta sami wannan gurbin, kuma ban da shi ba ta da komai a duniya.

Kunnenta na hagu, inda marin ya sauka, ya fara da ƙugi, ya koma zubar da ruwa, daga nan ya yi ɗif. Ta ɓoye ciwon don kada a canza ta. Sai ya zama ana ba ta magana ta hagu tana tsaye kamar gunki, in ta miƙe jiri ya kwashe ta.

"Darakta, ka dubi idon yarinyar nan," in ji Tauraruwa. "Wallahi shaye-shaye take yi."

"Anti, ki ji tsoron Allah... ko sigari ban taɓa riƙewa ba."

Ba wanda ya saurare ta, aka ce ta tuɓe kayan wasa ta tafi. Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Goggonta, wadda dama da ƙyar ta yarda da sana'ar, ta watso mata kayanta ƙofar gida tana kuka. "Ki tafi, ba zan iya kallon mutane ba." Auta ta raɓa a shagon wata mai ɗinki, tana sallah tana jiƙa darduma. "Ya Allah, Kai ka gani. Ko ban koma aikin ba, ka wanke mini sunana."

Abin da Tauraruwa ta manta shi ne 'yar makirfon da ake maƙala wa 'yan wasa a wuyan riga. Ranar marin ta shiga ɗakin kwalliya ba ta cire ba, na'ura kuwa tana ta ɗauka. Sai da aka zauna tace fim, ma'aikata cike da ɗaki, muryarta ta fito tar tana dariya: "Zoben nake juyawa ciki in dirka mata a kunne. 'Yan kallo sun fara son kukanta fiye da ni, ai gara in kashe ta da sharri."

A ranar aka sallami Tauraruwa, aka kashe ta a cikin labarin. Muryar ta bi wayoyi, duk wanda ta kira neman aiki sai ya ƙi ɗagawa.

Goggo da kanta ta je shagon ta rungume Auta, suka yi kuka har mai ɗinki ta tsayar da keke. Suna haka Darakta ya iso, ya durƙusa gefen yarinyar yana roƙon gafara, yana cewa babban gurbin shirin nata ne yanzu. Ya daɗe yana magana, Auta ko waiwayowa ba ta yi ba.

Goggo ta share ido da gefen mayafi. "Ɗan nan, zagayo ta dama ka maimaita. Wannan kunnen kun riga kun gama da shi."