Madubin da Ya Bar Gidan Mai-tabarau

Saura kwata a tashi daga aiki Saje ta leƙo ofis ta ce an tsinci gawar wani dattijo a ɗakinsa, ƙeyarsa a fashe. Sufeto ya riga ya cire takalmi ɗaya yana matsa ƙafarsa da ta kumbura. Ya mayar da takalmin ya jawo hularsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, saura wata biyar ya ajiye kaki, kuma duk ranar da ya sa rai zai koma gida da wuri sai wani abu ya faɗo.

Gidan ƙaramin bene ne a ƙarshen layi. Mai-tabarau 'yan unguwa ke ce wa marigayin, domin ya shekara arba'in yana gwada idon mutane yana yanka musu gilashi kafin ya rufe shago. Matarsa ce ta gan shi, bayan ta dawo daga dubiyar ƙanwarta a asibiti.

Ɗakin da ke sama cike yake da kabad-kabad masu gilashi har rufi. Ga tsofaffin maduban duba ƙwayoyin cuta na tagulla a jere, ga sikelin masu haɗa magani cikin akwatunansu, ga kamfas irin na matuƙa jirgin ruwa, ga ma'aunin iska rataye a bango. Kowanne an ɗaura masa 'yar takarda da zare, an rubuta shekararsa da yadda aka same shi. Ko'ina warin man goge ƙarfe. Saje ta duba ta ce kayan nan sun fi su samun kulawa, ita kujerarta ta ofis shekara biyu ke nan da ƙafa uku.

Dattijon yana kwance tsakanin tebur da kabad, kansa kusa da gindin ƙarfe na wani babban sikeli. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a fasa gilashi ko ɗaya ba. A bango kuwa akwai ƙugiya biyu babu komai a kansu, fentin tsakaninsu ya fi na kewaye haske. Sufeto ya durƙusa da ƙyar ya tsinci takarda a ƙasa, zarenta a tsinke. An rubuta: madubin hangen nesa na jirgin ruwa, musaya.

Matar tana zaune a falo, hannu a cinya, ba ta kuka. Ta gaya masa cewa ko ita ba ta shiga ɗakin da tsintsiya sai marigayin yana tsaye a kanta. Wancan madubin ma ba shi ne mai daraja ba, shi da bakinsa ya sha faɗa. Ɓarawon da ya san kan kaya ba shi zai ɗauka ba.

"Mama, wa yake hawa sama ban da ke?"

"Mutum biyu. Mai-agogo, shi ke yi masa gyara. Sai amininsa Safiyo, wanda ya yi aikin awon ƙasa. Shi ma irin tarkacen nan yake tarawa."

"Suna faɗa?"

"Kullum. Shekara talatin suna faɗa a kan wane ƙarfe ya girmi wane."

Washegari da safe suka je shagon Mai-agogo, wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar kasuwa, wanda mutum biyu ba sa tsayawa ciki sai ɗaya ya karkata. Mutumin ya cire gilashin da ke manne a idonsa, ya ce ya ji labari, Allah ya jiƙan marigayi, amma shi rabonsa da gidan ya kai sati biyu.

Sufeto ya jingina da ƙofa ya bar shi ya gama rantse-rantsensa. Saje ce ta miƙa hannu kan teburin aikin ta ɗauko wani ɗan bututun tagulla da bai fi babban yatsa ba, da 'yar takarda ɗaure da zare. Rubutun iri ɗaya ne da na ɗakin, kuma kwanan watan jiya ne a jiki.

"Wannan da kansa ya zo?" in ji Sufeto.

Mai-agogo ya zauna. Ya ce tsoro ne ya sa shi ƙarya, talaka ba ya son sunansa kusa da gawa. Gaskiya ya je da hantsi. Marigayin ya kwance wannan gilashin daga bakin madubin hangen nesa, wurin da ake sa ido, ya ba shi ya gyara masa zaren ɗaurinsa da ya cinye. Madubin kuma ya mayar bango a gabansa.

"In babu wannan, madubin yana aiki?"

"Ina fa, Yallaɓai. Hazo kawai za ka gani."

"Me yake yi da ka fito?"

Ya ɗan yi tunani, ya ce ya bar shi yana kafa allon haruffa a bango, irin na gwajin ido. Har ya tsokane shi ko shago zai sake buɗewa, shi kuma ya ce baƙo yake jira. Maƙwabtan shagon sun tabbatar Mai-agogo ya dawo kafin azahar, bai sake motsawa ba har aka rufe kasuwa.

A mota Saje ta karanta masa rahoton likita. Bugun da kan ya yi ne sanadi, amma ba nan take ran ya fita ba. Dattijon ya kai awa biyu a kwance yana numfashi. Da an kai shi asibiti, da wataƙila yanzu yana gado yana yi wa ma'aikatan jinya faɗa. Sufeto ya rufe ido ya ce wa direba su koma gidan.

Allon haruffan yana nan a bayan ƙofa, jiya ya gan shi ya ɗauka cikin kayan tarihi ne. A kan tebur ga tabaran gwaji, mai nauyin nan da ake zura wa gilasai ɗaya bayan ɗaya, har da gilasai uku masu kauri a gefen hagu, gefen dama kuma an toshe shi da baƙin faifai. Matar ta ce tun da mijinta ya bar shago bai sake gwada idon kowa ba, ko nata sai da ta je asibiti. Sufeto ya jawo durowa. Kati ɗaya ne a sama, sabo, da rubutun marigayin. Ya karanta sau biyu, ya sa a aljihu.

Safiyo yana zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani tsohon gini. Kafin Sufeto ya kai ƙofar sai da ya tsaya sau biyu yana riƙe da ƙarfen matakala. Safiyo dattijo ne dogo, wuyan rigarsa a goge, ya tarbe su da ladabi ya ce su zauna. Falon nasa ma cike yake da na'urorin awon ƙasa masu ƙafa uku da sarƙoƙin awo da kamfas, sai dai duk ƙura ta hau su.

Ya ce mutuwar ta girgiza shi, tun jiya bai iya cin komai ba. Rabonsa da amininsa tun makon jiya. Ranar da abin ya faru yana nan gida yana karatu. Yana magana yana zuba musu ruwa, Sufeto ya lura ya sa ɗan yatsa a bakin kofin, sai da ruwan ya taɓa yatsan ya daina zubawa.

"Wane littafi kake karantawa, Baba?"

"Na tarihin awo. Tsoho ne."

"Madubin hangen nesan da ke bangonsa, an rubuta musaya. Da wa ya yi musayar?"

Dattijon ya ce da shi aka yi musayar, an fi shekara ashirin. Ya ba da madubin ya karɓi wani kamfas.

Sufeto ya ciro katin ya miƙa masa. "Karanta mini wannan. Na bar tabarauna a ofis."

Safiyo ya miƙa hannu gefen da katin ba ya nan, sannan ya lalubo shi. Ya kai shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya karkata wajen taga. Saje ta sunkuyar da kai. Can ya ajiye katin a gwiwarsa.

Sufeto ya faɗa masa abin da ke ciki ba tare da ya karɓa ba. Sunan Safiyo ne a sama, da kwanan watan jiya. Idon dama ya tafi. Na hagu layin farko na allon kawai yake gani. A ƙasa marigayin ya rubuta cewa gilashi ba zai ƙara amfani ba, ganin da ya rage masa bai fi na wata uku ba.

"Baba, na gaji, kai ma ka gaji. Gaya mini yadda aka yi."

Bai yi gardama ba. Ya ce wata shida ke nan yana ɓoye wa kowa, har 'ya'yansa, amininsa kaɗai ya sani. Jiya bayan gwajin, da ya ji hukuncin, sai ya roƙe shi aron madubin na sati ɗaya. Na mahaifinsa ne asali, da shi ya fara hango duwatsun da ke bayan gari yana ƙarami, kuma a kan duwatsun nan ya kafa alamar awonsa ta farko. So yake ya sake ganinsu tun da sauran haske. Marigayin ya ce a'a, kayan ɗakin nan ba sa fita, kuma musaya musaya ce. Ya sake roƙo. Sai marigayin ya yi dariya irin tasu ta kullum.

"Ya ce, me makaho zai yi da madubi? Na san wasa yake. Wallahi na sani. Amma ban san lokacin da na cire shi daga bango ba. Ya kama, na fizge, na ji ya faɗi."

"Ka ji yana numfashi?"

"Na ji. Na kira sunansa bai amsa ba. Na ce a raina suma ya yi, zai tashi ya zo ya zage ni. Na sauko na taho."

"Ba ka kira kowa ba."

"Ban kira kowa ba."

Ya tashi da kansa ya laluba bayan labule ya ɗauko madubin, naɗe cikin tawul. Ya ce tun jiya sau huɗu yana kai shi taga. Bai ga duwatsun ba, bai ga komai ba sai fari fat. A nan ya gane wata ukun ma babu.

Sufeto ya so ya yi shiru, amma magana ce da dole za ta fito a kotu. Ya gaya masa cewa gilashin bakin madubin yana wurin Mai-agogo tun hantsin jiya, ko mai lafiyayyen ido ne ya duba, farin nan zai gani.

Dattijon ya daɗe a tsaye, yatsunsa suna shafa bakin bututun inda ramin yake.

"Ba za a iya ɗaura shi ba, in duba sau ɗaya?"

"Ya zama kayan shaida, Baba. Ba ni da wannan ikon."

Saje ta karɓi madubin ta rubuta lamba a jikin tawul ɗin. Ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai ta mayar. Safiyo ya nemi a ba shi hularsa, ya kashe fanka, ya kulle ƙofa ya miƙa makullin, ya ce a ba babbar 'yarsa, a kuma gaya mata kafin ta ji a bakin mutane.

A bakin matakala ya tsaya, ƙafarsa tana neman hawa na farko. Sufeto ya kama gwiwar hannunsa. Haka suka sauka a hankali, hawa ɗaya bayan ɗaya, Saje na gaba da madubin a kafaɗa, har suka iso inda motar ke jira.