Makullin Wada

Jirgin ruwan shaƙatawar ya iso Jidda daga Suwais ta Masar ranar Talata, fari fat, ko ƙwarzane babu. Abu ɗaya ne babu a cikinsa: makanikensa, Wada. Shi sai ranar Alhamis masunta suka kawo shi, farfela ta raba masa baya.

Rahoton direban jirgin, Rayyis Sa'ud, bai cika shafi ba. Igiya ta naɗe farfela, Wada ya nutsa ya yanke ta, ya bar makulli a jikin inji, wani ya murɗa bisa kuskure. Sakacin mamaci. Mamaci bai musa ba.

Tun da duk mutanen jirgin 'yan Makka ne, fayil ya sauka a teburin Sufeto Mukhtaru a can Makka. Ya fara da unguwar Hindawiyya, gidan Rakiya, matar Wada.

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya."

"Haƙuri na da shi, ranka ya daɗe. Takardar nan ce ba zan haɗiye ba. Mutumin da ko ƙwan fitila ba ya canjawa sai ya kashe wutar gida duka, shi za a rubuta wa sakaci? 'Ya'yansa za su karanta."

Ta kwance bakin mayafi, ta ajiye makulli mai zare.

"Masu wankan gawa suka cire a wuyansa. Shekara ashirin, in zai shiga ƙarƙashin inji, haka yake rataya shi."

Sufeto ya wuce unguwar Ka'akiyya, wajen Zali, kukun jirgin.

"Ina kake lokacin?"

"Kicin, yallaɓai. Albasa nake yankawa. Ban ji komai ba."

"Injin jirgi ya tashi a ƙarƙashin ƙafarka ba ka ji ba? Wace irin albasa ce?"

Zali ya share gumi. Ya ce tun rana ta biyu da tasowarsu ruwa ya taɓa wayoyi. Na'urar tuƙi ta mutu, mai auna zurfi ta bi ta, makulli ma wani lokaci sai a murɗa a ji shiru.

"To yaya kuke tayar da inji?"

"Wada ne ya nuna wa Rayyis. A ɗora sukundireba a kan sitata, wuta ta yi tartsatsi, inji ya kama."

Washegari Sa'ud ya zo ofis cikin farar jallabiya, yana ƙamshin turare, babban yatsansa na dama a naɗe da filasta.

"Wallahi, ya Sufeto, Wada ɗan'uwana ne. Kwana biyu ban ci abinci ba."

"Wa ya murɗa makullin?"

"Wataƙila Zali. Makullin yana jikin inji, kowa zai iya."

Sufeto ya ajiye makullin a tebur, zarensa har yanzu da gishiri.

"Wannan ya yi iyo tare da Wada. Me ya ƙona maka yatsa?"

"Shayi."

"Kwance mu ga shayin."

Sa'ud bai kwance ba. Ya daɗe yana kallon makullin.

"Iska ta juya," in ji shi. "Tana kai mu kan duwatsu. Na buga jikin jirgi sau uku, bai fito ba, sai na tayar da inji da sukundireba. Jirgi sabo, mai shi ko ganinsa bai yi ba. Wa zai sake ba ni tuƙi in na kai masa shi da tabo?"

"Minti nawa ka jira?"

"Ɗaya. Ko ƙasa."

"Da ma ya riga ya yanke igiyar?"

"Ya yanke. Farfelar ta juya lafiya lau." Ya sunkuyar da kai. "Wada bai taɓa yin aikin banza ba."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya roƙi a sassauta ta dama, saboda yatsan.

Sufeto da kansa ya kai wa Rakiya sabon rahoton, an goge kalmar sakaci. Ta sa aka karanta mata sau biyu, sannan ta miƙa hannu.

"Makullin fa? Shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa jikinsa."

"Wakilin mai jirgi ya karɓa da safe, Hajiya. Iyalin mai jirgin za su fita yawo ranar Juma'a."

Ya ciro zaren daga aljihu ya ba ta.