Ina Ne Gabas?

Faifan maƙabarta yana juyawa sannu a hankali, kamar yadda ya saba. Birnin Sabon Tudu a kan teku yake yawo, shi ya sa aka ɗora kaburbura a kan wani makeken faifan ƙarfe. Na'ura ce ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam tana karkata shi, domin mamata su riƙa fuskantar alƙibla duk inda ruwa ya kai garin.

Ran nan saƙo ya ɗauke. Faifan ya yi ƙiii, ya tsaya cak. Gari kuwa bai fasa juyinsa ba.

Injiniya Mantau ne ya ƙera faifan, kuma mahaifiyarsa tana kwance a kansa. Tun tana raye ta ce ita kam kada a binne ta a garin da ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya rantse mata cewa fuskarta ba za ta taɓa barin gabas ba. Bahaushe ke nan, ko a tsakiyar teku, alƙibla gabas yake ce mata.

Ana iya murɗa faifan da hannu. To, amma a murɗa shi ina?

Hankali a tashe ya je wajen kawunsa Ɗanjuma, mai kula da ɗakin kayan tarihi. Kawu ya ɗauko wani farantin tagulla da aka ƙera a Lahore tun zamanin kakannin kakanni, duk jikinsa rubutun Farisanci, da 'yan tsinaye kowanne ɗauke da sunan tauraro.

"Usturlabi sunansa," in ji Kawu. "Da shi magabata suke auna tsayin rana ko tauraro, su fitar da alƙibla. Ba ya shan wuta, ba ya jiran saƙo."

"Me yake buƙata, Kawu?"

"Sama kawai."

Suka fito fili. Kawu ya rataya shi a babban yatsa, ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya. Wayyo! Sama fari fat kamar koko. Lulluɓi ne, farin hayaƙin nan da masana suka fesa don rage zafin duniya. Haske akwai, amma babu ƙwayar rana, babu inuwa, balle tauraro. Har da Mantau a cikin masu tafa hannu ranar da aka fesa shi.

"Ku kashe shi na yini ɗaya mana," in ji Kawu.

"Ba fitila ba ce, Kawu. Ko jikokinmu ba za su ga yayewarsa ba."

Kawu ya sauke hannu. Can ya ce, "Tunda garin juyi yake, ai dole wani lokaci mahaifiyarka ta fuskanci gabas ɗin."

"Wane lokaci?"

Kawu ya juya da farantin, ya koma ɗakin kayan tarihi.

Mantau ya wuce maƙabarta, ya durƙusa gefen kabarin mahaifiyarsa. Ƙarƙashin gwiwarsa yana jin garin yana juyawa.

"Inna," ya ce, "ko yanzu ne kike fuskantar gabas, ko lokacin ya wuce, wallahi ban sani ba."