Ɗigon da Ya Fito a Safar Hannunta

Ranar da Dogo ya fara aiki a ɗakin gwajin, Auta tana sunkuye a teburinta, hannu cikin safar roba, tana ɗiga ruwa a 'yan kwalabe. Ya yi sallama, ta ɗago ta zuba masa ido.

Bincikenta a kan wani enzayim ne, wato sinadari mai farfasa RNA, siririn zaren da ke ɗauke da saƙon halitta a cikin ƙwayoyin jiki. Abin haushin, enzayim ɗin har a fatar mutum akwai shi. Hannu tsirara ya taɓa kayan aiki, shi ke nan, wahalar makonni ta bi ruwa. Don gano shi take amfani da antibodi, sinadarin da ke manne masa ya bar baƙin ɗigo a takardar gwaji.

Kafin a ankara sun saba. Kullum da safe saƙonsa na jiranta.

"Zumata, na cika miki bokitin ƙanƙara. Ki karya kafin ki fara, enzayim ba zai gudu ba."

"Sannu da ƙoƙari, sarkin kulawa. Na gode."

Sai aikinta ya fara lalacewa. Duk RNA ɗin da ta haɗa, kafin ta auna ya narke. A taron ma'aikata Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya tsare ta da ido, tsoro ya kama ta, bakinta ya riga hankalinta.

"Tun da Dogo ya zo abin ya fara. Shi ke kawo min ƙanƙara."

Dogo ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri," kawai ya ce.

Aka mayar da shi ɗakin wankin kwalabe. Kamar da gangan, aikinta ya gyaru tas, kowa ya gaskata laifinsa ne. A gida ma ta riga ta kai wa Baba labarin. Don haka da Dogo ya turo kawunsa neman aurenta, Baba ya ce sam.

"Wanda ya kasa riƙe amanar kwalba ne zan ba wa 'yata?"

Wata rana Dogo ya leƙo ɗaukar kwalaben da aka gama da su. Yana fita, Anti, wadda teburinta ke kusa da na Auta, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ƙanwata, kin san abin da kika yi yanzu? Yana shigowa kika shafa kunci, kika gyara ɗankwali, da safar a hannunki. Sannan kika koma kan kwalabenki."

"Ni? Haba Anti!"

"Ke fa. Gwada mu gani."

Ta goge yatsan safar a takarda, ta bi wurin da antibodin. Da sakamakon ya fito, ga ɗigon nan baƙi wuluk. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe ita ce, kuma ga dalilin.

Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Ni na ɓata aikina, na ɗora maka. Ban san da wane ido zan kalle ka ba."

Amsa ta zo nan take: "Na lura tun tuni, Zumata. To ya zan tashi a gaban mutane in ce ina shigowa kike gyara fuska? Gara wankin kwalabe."

Ta yi kuka sosai. Washegari ta miƙe a taro ta wanke shi, Farfesa ya yi ta tari don ɓoye dariya, ya ce Dogo ya dawo teburinsa. Amma wannan mai sauƙi ne. Saura Baba.

Ta same shi a falo, Mama na gefe tana ninke kaya. Ta durƙusa.

"Baba, na zalunci yaron nan. Ni ce nake taɓa fuskata da safa."

"Ke da kika hana mu ko leƙa jakar aikinki? Me ya kai hannunki fuska?"

Ta ƙura wa ƙafar kujera ido, kunya kamar ta kashe ta.

"Sai in ya shigo ne, Baba."

Mama ta cusa fuska cikin rigar da take ninkewa, kafaɗunta na rawa. Baba bai yi dariya ba.

"Kuma ya sani ya yi shiru? Har da na kori kawunsa?"

"Ya sani."

Baba ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. "Ba ni lambar kawun. Ni ma ina da haƙurin da zan bayar, kuma nawa ya fi naki nauyi."

Ranar ɗaurin aure, Baba ya riƙe hannun Dogo a gaban jama'a ya ƙi saki.

"Ka rufa wa 'yata asiri tun ba ta zama taka ba," ya ce. "Allah Ya rufa naka, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Daga bayan labule Auta ta amsa da amin, ta fi kowa ɗaga murya.