Alƙawarin Dudunni a Ƙofar Ɗakin Tiyata

"Zainu, alƙawari fa ka ɗauka a gaban mahaifinka," in ji Inno.

Suna tsaye ne a barandar wani asibiti a Kankia, inda za a yi wa matarsa Adawiyya tiyatar haihuwa. Ɗazu likita ta tambaye ta ko allurar barci ta taɓa yi wa wani illa a danginta. Adawiyya ta yi murmushi, ta nuna Inno.

"Ga uwata nan. Sau biyu ana yi mata aiki, kuma garau take."

Zainul Abidin kuwa ya san ba haka zancen yake ba. Yana ɗan shekara tara aka kawo gawar Hadijatu, yayar Inno, garinsu Dudunni. Allurar barci ce ta kumbura mata maƙogwaro, numfashi ya yanke, ta bar jaririya, wato Adawiyya. Inno ta goya, ta shayar, dangi suka rufe baki kamar yadda magabata kan yi, don kada marainiya ta tashi da karayar zuciya. Ranar ɗaurin aurensu mahaifinsa Malam Babba, Allah ya jiƙansa, ya ce masa ya mutu da maganar.

"Inno, Malam da bakinsa ya karantar da mu cewa rai yana gaban komai."

"In ta sani... ni kuma me zan zama a wurinta?"

Ya shiga wurin Adawiyya, ya durƙusa gefen gadon, ya riƙe hannun da ya taɓa kamawa suna tsallake kunyoyin gero da ƙuruciya.

"Sanyin idona, ki gafarce ni. Amsar da kika ba likita ba daidai ba ce..."

Ya faɗi komai. Likita ta ajiye biro, ta ce za a canza magani, a yi allurar baya maimakon ta barci. Adawiyya ta juyar da fuska bango, ta zare hannunta.

Idonta biyu ta ji kukan ɗiyarta.

Da aka fito da ita, Inno ta kasa wuce bakin ƙofa.

"Inno, yaushe kika zama baƙuwa?" Adawiyya ta ce a hankali. "Zo ki karɓi jikarki Hadijatu. Kin riƙe mata ɗiya shekara ashirin da uku, yau ga ta da kanta."

Sannan ta miƙa wa Zainu hannun da ta zare.