Lallen Ranar Zaɓe

Na'urar tantance masu zaɓe ce ta haɗa su a wata firamare a Kafur, ranar zaɓen shugaban ƙasa. Rabi'atu ta yi ta ɗora babban yatsanta, na'ura na ƙi, don lallen bikin ƙawarta ya rufe zanen. Awaisu, wakilin jam'iyyar Fitila a rumfar, ya sa baki aka ɗauki hoton fuskarta.

"Ka dai san jam'iyyar Tulu zan dangwala wa?" ta ce.

"Na sani. Ni dama fuskar nake so a ɗaga."

Kwana biyu sai ga saƙonsa:

"Rabina, ƙuri'arki ta kayar da ni a akwatinmu, kuma ban ji haushi ba. Kar shugaban mazaɓa ya ji."

Ta mayar: "Ɗan adawata, in ya ji, babur ɗin da suka ba ka zai karɓe."

Fitila ce ta ci ƙasa, Tulu ta tafi kotu, su kuwa suka cinye damina suna hira.

Mahaifinta Alhaji Zubair, dillalin masara a Funtua, irinmu ne, mu da furfura ta kama muna bin jam'iyya kamar ita ta raɗa mana suna, alhali ko buhun taki ba ta taɓa ba mu cikakke ba. Hoton Honarabul, ubangidansa a Tulu, ya fi kowa samun wuri a zaurensa.

Da Malam Kabiru, mahaifin Awaisu, ya je tambayar aurenta, Alhaji ya ce, "Malam, gonarmu iyaka ɗaya, sahunmu ɗaya. Amma 'yata ba ta shiga gidan Fitila."

Ranar da kotu ta tabbatar da zaɓen, 'yan Fitila suka fito murna a hanyar Malumfashi, matasan Tulu suka tare su. Kamalu, yayan Rabi'atu, yana gaba. Da yamma aka kawo shi a rufe.

Aka ce an ga babur ɗin Awaisu a wurin. Ta daina ɗaga wayarsa.

Bayan addu'ar bakwai ya rubuto: "Gaskiya ne, Rabina, babur ɗina ne. A kansa na ɗauki Kamalu zuwa asibiti. A bayana ya cika. Ban san yadda zan faɗa miki ba."

Ta kai wa mahaifinta wayar, ya karanta.

Honarabul bai zo gaisuwa ba. Ya aiko da shinkafa a buhu mai hotonsa. Kafin sadakar arba'in rediyo ta ce ya koma Fitila, don ci gaban al'umma.

Alhaji ya sauke hoton da kansa, ya aika a kira Malam Kabiru.

"Wanda na ba ɗana ya koma gidanku, Malam. Ni kuma me nake gadi? Ku turo."

Bayan kaka aka ɗaura aure, ba kiɗa, ba hular kowa. Da aka kai ta, Awaisu ya riƙe yatsan nan nata da ya sake shan lalle.

"Na'ura za ta ƙi ki kuma, amaryata."

"Ta huta. Na gama dangwalawa."

A waje liman na cewa Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya jiƙan Kamalu. Malam Kabiru ne ya amsa da ƙarfi, amin ɗinsa har da ta Alhaji.